Fijo 504 Da Tiyon Da Aka Toshe Da Ƙusa

Yau zan bar 'yan siyasa su huta, in ja ku zuwa ƙarƙashin bonet.

Duk wanda ya gaji tsohuwar mota, ko ya saye ta don sha'awa, akwai ranar da zai ɗaga murfin inji ya tarar da wani siririn tiyon roba yana reto a gefen kafireto, an cusa masa ƙusa a baki, ko noti, ko ma tsinken tsintsiya. Idan ya tambaya, amsar da zai samu kusan iri ɗaya ce daga Sakkwato har Yola: "Ai ba ya aikin komai, Alhaji, ƙaƙale ne kawai irin na Turawa." Ni dai wannan amsa ba ta taɓa gamsar da ni ba. Kamfanin da ya ƙera mota sama da miliyan 3, yana lissafin kowane noti da kowane taƙin waya, ba zai riƙa sayen roba yana rataya wa inji don ado ba.

Motar da nake nufi ita ce Fijo 504. An fara nuna ta a Faransa a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969. Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, amma kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, ya ci gaba da fitar da ita har wajen 2006. Ita ce motar kwamishina, ita ce wagon ɗin da ke jigilar fasinja daga Kano zuwa Jos, ita ce a-kori-kurar da ke dakon buhuna ranar kasuwa. Yau auta a cikinsu ta doshi shekara 20, manyan kuwa sun ba 40 baya. Ƙarfen jikinta yana da haƙuri, shi ya sa har yanzu ake ganinta a hanya. Roba ce ba ta san haƙuri ba. Zafin inji, zafin bazara, bushewar hunturu da tururin mai su kan taru su mai da ita kamar busasshiyar fata, ta tsattsage daga baki, a inda ido ba ya saurin gani.

Kafin a san inda kowane tiyo ya nufa, sai an san abin da ke bi ta cikinsa. Ba mai ba ne, ba ruwa ba ne, zuƙa ce. Duk lokacin da fistin ya yi ƙasa, iska yake ja ta kafireto. A maƙogwaron kafireton akwai wani faifan ƙarfe da totur ke buɗewa da rufewa. Idan ƙafar direba ba ta kan totur, faifan a rufe yake sai ɗan ƙiris, fistin na ta ja, iskar ba ta isarsa, sai a sami zuƙa mai ƙarfi a ƙasan faifan, kamar yadda kumatun yaro ke lotsawa idan ya tsotsi kwalbar da babu komai a ciki. Wannan ne kanikawa ke kira bakyum. Masu ƙera mota suka ga ƙarfi ne da inji ke bayarwa kyauta, sai suka ja shi da tiyo zuwa wuraren da ake buƙatarsa.

A irin 504 da ta fi yawa a hannunmu, mai kafireton Solex, wuraren ba su da yawa. Wanda aka fi yi wa ƙusa shi ne siririn da ke tashi daga kafireto zuwa wani ɗan gwangwani da ke manne a gefen distiributa. A cikin gwangwanin akwai tantanin roba. Lokacin da mota ta miƙe a kan kwalta, ƙafa na ɗan taɓa totur, abin da ke shiga silinda kaɗan ne, kuma a hankali yake ci da wuta, don haka yana buƙatar fulogi ya kyasta da wuri. Zuƙar ce ke jan tantanin, tantanin ya juya farantin da kwantak ke zaune a kai, wuta ta riga lokacinta da digiri 10 ko fiye. Da direba ya danna totur don hawa tudu ko wuce tirela, zuƙar ta faɗi, farantin ya koma mazauninsa, inji ya tsira daga ƙwanƙwasa. Duk wannan ba waya, ba kwamfuta.

Cire wannan tiyo ba ya hana mota tashi, ba ya hana ta tafiya, shi ya sa maganar bakanike take kama da gaskiya. Asarar a ɓoye take. Motar za ta riƙa shan man da ya wuce ƙa'ida a doguwar tafiya, kuma inji ya fi ɗaukar zafi. A zamanin da fetur yake arha kamar ruwan rijiya, ba wanda ya damu. Amma tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafi, litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, wannan ƙusa ta zama haraji da mai mota ke biya a kowane gidan mai ba tare da an ba shi rasit ba.

Sai dai a yi wa kanikawa adalci. Galibi ba haka kawai suka toshe shi ba. Tantanin da ke cikin gwangwanin ne yake yagewa, iska ta riƙa shiga ta nan, bakanike ya toshe don mai mota ya kai gida. Dabara ce ta kwana ɗaya da aka bari ta yi shekara goma. Gwajinsa kuwa ba ya cin ko kwabo: a buɗe murfin distiributa, a zare tiyon daga jikin kafireto, a tsotsa da baki. Idan farantin ya motsa, kuma ya tsaya a wurin muddin harshe na toshe da bakin tiyon, tantanin lafiya lau yake. Idan kuwa iska ce kawai ke zuwa kamar ana shan lemo da tsinke, gwangwanin ne ke son canji, kuma sabon tiyo ba zai yi masa magani ba.

Na biyu shi ne mai kauri, wanda ke tashi daga manifol, wato maƙogwaron da ke raba wa silindoji abincinsu, zuwa baƙin tulun ƙarfen nan da ke bayan tukunyar man birki. A nan maganar ta wuce ta aljihu. Wannan tulu shi ke ninka ƙarfin ƙafar direba, kuma da zuƙa yake aiki. Idan tiyon ya tsage, ko ya lotse ya manne, birki bai mutu ba, amma zai yi tauri kamar an taka dutse, kuma tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya za ta ƙaru, a daidai lokacin da akuya ko ɗan makaranta ya faɗo titi. Na sha ganin an sa tiyon ruwa ko na mai a wannan wuri saboda kaurinsu ya yi daidai. Waɗancan an yi su ne don su jure turi daga ciki. Shi kuwa na birki ja ake yi masa, don haka bangonsa yake da kauri da ƙarfi yadda ba zai manne ba ko ya yi zafi. A kan hanyarsa, ko a bakin tulun, akwai ɗan bawul mai barin iska ta bi gefe guda kawai, daga tulun zuwa inji. Shi ke ajiye zuƙa a tulun yadda ko mota ta mutu ana cikin tafiya, direba zai sami taku ɗaya ko biyu masu laushi kafin birkin ya ƙage. Wanda ya juya wannan bawul baibai ya raba motar da taimakon birki gaba ɗaya.

Akwai kuma tiyoyin numfashi, masu kwashe tururin baƙin mai daga cikin inji su mai da shi a ƙone. Su ba su da wata rikitarwa, illa dai suna son robar da ke jure mai. Tiyon silikon mai launin shuɗi ko ja da samari ke so yanzu yana jure zafi ƙwarai, ya dace da siririn layin distiributa, amma mai da fetur suna ratsa shi, ya yi gumi ya saki.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne abin da ke biyo bayan ƙaramar ɓula. Iskar da ta shiga ta tsagar tiyo ba ta bi ta inda kafireto zai auna mata fetur ba, sai haɗin ya tsinke, mota ta riƙa rawa a silo, tana mutuwa a danja. Maimakon a nemo ɓular, sai a ɗauki sukundireba a ƙara silo, a buɗe sukurun mai, in ba ta daidaita ba a murɗa distiributa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Bayan wata shida an kwance kafireto sau uku, an canza fulogi da kwantak, wataƙila har an fara zargin bawul, alhali laifin na robar da ba ta kai kuɗin kwanon abinci ba ne. Neman ɓula kuwa ba wuya. Mutum ya ɗauki guntun tiyo, ya kara baki ɗaya a kunne, ya riƙa yawo da ɗayan a jikin inji, zai ji tsaki a inda iska ke shiga. Ko ya riƙa matse tiyoyin ɗaya bayan ɗaya da filaya, wanda sautin inji ya daidaita da aka matse shi, a layinsa matsalar take. Masu yayyafa fetur a kan inji mai zafi don su ji ko sauti zai canza, su dai Allah Ya kiyaye.

To, yaya ake sanin girman da za a saya? A nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami, domin su kan ciro tsohon tiyo su kai wa mai shago, shi kuma ya kara baki da baki ya ce ga irinsa. Bakin tsohon tiyo ya riga ya buɗe, shekara da shekaru yana cije da ƙarfe. Kuma ba da faɗin waje ake sayar da tiyo ba, da faɗin raminsa ne. Hanya mafi inganci ita ce a auna hancin ƙarfen da tiyon zai hau, da ma'aunin nan mai baki biyu da masu gyaran ƙarfe ke kira baniya, sa'an nan a sayi tiyon da raminsa ya gaza hancin da kamar rabin milimita, don ya shiga da ƙyar ya kama. Hanci mai milimita 4 yana son tiyo mai 3.5. Wanda ba shi da baniya ya yanke tsohon tiyon a tsakiya, inda bai buɗe ba, ya riƙa zura gindin ƙarafan huji na diril har ya sami wanda ya shige daidai, lambar girmansa na rubuce a jikinsa.

Sirara a motocin Turai na wancan zamani suna tsakanin milimita 3.5 da 4, na birki kuwa wajen 10 zuwa 12, gwargwadon mota. Rikicin shi ne kasuwanninmu, daga Panteka a Kaduna zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, suna karɓar kaya daga ko'ina a duniya, wasu a kan ma'aunin milimita, wasu a kan inci irin na Amurka. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Tiyo mai 1/8 na inci milimita 3.2 ne, mai 5/32 kusan 4, mai 3/16 kusan 4.8, mai 1/4 kuwa 6.35, mai 3/8 kuma 9.5. A ido, 5/32 da 3/16 kamar tagwaye suke. A kan hanci mai milimita 4, na farkon zai zauna ba tare da ya cije sosai ba, na biyun kuwa zai riƙa shan iska ta gefe tun ranar farko, ko an ɗaure shi da waya. Robar ƙarin ruwa ta asibiti, da na ga wasu na sawa saboda siririya ce kuma ana ganin cikinta, da ta ji zafin inji take yin laushi ta manne.

Batun hanya, wato wane baki ke zuwa wane baki, shi ya fi wahalar da masu waɗannan motoci. Ɗan zamani zai ɗauko waya ya shiga intanet, kuma zai sami zane. Tambayar ita ce zanen wace 504? An sayar da motar a Amurka ma, kuma bayan dokar tsabtace iska ta 1970 motocin can sun cika da na'urorin rage hayaƙi, masu mai da wani ɓangare na hayaƙin salansa cikin inji, masu jinkirta wuta, masu aiki sai ruwa ya yi zafi, kowace da tiyonta. Jihar Kalifoniya ma dokarta ta fi ta sauran tsanani. Shi ya sa motocin Amurka ke zuwa da takarda manne a ƙarƙashin bonet mai nuna hanyar kowane tiyo. Wanda ya ɗauki irin wannan zane ya tsaya a gaban 504 ta Kaduna zai kwana yana neman bakunan da ba a taɓa huda su ba. Ga kuma wata: da wuya ka sami 504 da ta kai yau da injinta da kafiretonta na asali. Wata an sa mata injin 505, wata an sauya mata Solex mai maƙogwaro biyu da mai ɗaya don tsimin mai. Shekarar da ke cikin takardun mota ba ta da amfani a nan. Abin dubawa shi ne lambar da ke jikin inji, ko mai cc 1796 ne ko mai 1971, da lambar da ke jikin kafireto. Da su ake shiga littafin Haynes na Ingilishi, ko Revue Technique Automobile na Faransanci, wanda 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka fi mu sauƙin karantawa.

Idan babu littafin fa? Na taɓa tsayawa a kan wani dattijon bakanike a Kaduna, wanda ya koyi aiki tun ana kawo motocin nan da ledarsu. An kawo masa wagon da aka zare wa tiyoyi duka wajen wankin inji. Ya ce a tayar da ita, ya bar ta a silo, ya riƙa ɗora ɗan yatsa a kan kowane hanci. Na ce, "Baba, ba za ka duba zane ba?" Ya ce, "Ɗana, ai ita take faɗa. Wanda ya kama yatsana yanzu, a ƙasan faifai yake. Wanda ya yi shiru sai na taɓa totur, a samansa yake." Maganarsa daidai take da abin da ke cikin littattafan. Hancin da ke ƙasan faifan totur yana zuƙa tun a silo. Wanda aka huda dab da saman faifan ba ya zuƙa sai faifan ya fara buɗewa, kuma a yawancin kafiretocin Solex na wancan zamani shi aka tanadar wa distiributa. Idan aka kai layin distiributa bakin da ba nasa ba, taimin da aka saita a silo ya tashi daga yadda kamfani ya tsara. Babban hancin da ke jikin manifol kuwa na birki ne, girmansa ma ya isa shaida. Duk hancin da ya rage ba shi da abokin tafiya, a rufe shi da hular roba da aka yi don haka.

Mai Fijo ma ya gode, nasa mai sauƙi ne. Marsandin dizal ta W123, wadda aka fara a 1976, da zuƙa take kulle ƙofofi, da zuƙa kuma take kashe inji, kuma da yake injin dizal ba ya ba da zuƙar da ta isa, famfo na musamman aka yi mata. Tiyo ɗaya ya ɓule, sai mutum ya zare makulli injin ya ci gaba da ruri, sai ya buɗe bonet ya danna ɗan hannun da aka rubuta wa STOP. Jamusawa dai sun taimaka, sun bambanta layukan da launi. Honda kuwa, a motocinta masu kafireto na shekarun 1980, tiyoyin sun yi yawan da sai da ta buga wa kowanne lamba a jiki. Wanda ya yar da tsofaffin kafin ya kwafe lambobin ya yar da taswirarsa.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin ya fi kowace dabara. Dattijan da yatsunsu suka san waɗannan injuna suna ƙarewa, yaran da ke garejinsu kuma sun koma ga motocin da ake jona wa kwamfuta, kuma ban ga laifinsu ba, can abinci yake. Saura mai mota ya zama shi ne ma'ajiyar motarsa. Kafin a taɓa komai ya ɗauki hoto da waya ta kowace kusurwa. A canza tiyo ɗaya, a gama da shi, kafin a zare na biyu. Wanda ya ƙage kada a fizge shi, a tsaga bakinsa da reza, domin hancin tagulla yakan biyo tiyo ya fito daga jikin kafireto, na roba kuma yakan karye. A tsoma bakin sabon a ruwan zafi don ya yi laushi, ban da shafa masa giris ko baƙin mai. A bar masa ɗan rara, saboda inji yana motsi a kan mazauninsa, kuma injin 504 a kishingiɗe yake, karkatar digiri 45, don haka a lura kada tiyo ya sauka kan bututun hayaƙi ko ya lanƙwashe ya shaƙe. In an gama, a zana hanyoyin a takarda da girman kowanne a milimita, a rufe da leda, a ajiye tare da takardun mota.

Mai son ya ƙara tabbatarwa ya nemi agogon auna zuƙa, ba shi da tsada. A jona shi a manifol bayan inji ya yi zafi. Lafiyayyen inji a silo yakan nuna inci 17 zuwa 21 a ma'aunin zaiba, allurar a tsaye cak. In ta tsaya a ƙasa da haka, ko ɓula ce ko taimin ya makara. In tana fizga a kai a kai, a duba bawul. Mutanen Jos kada su tsorata idan nasu ya gaza, domin ana rasa kusan inci ɗaya a kowace ƙafa 1,000 ta tudu, garinsu kuwa yana wajen mita 1,200 sama da teku, ragin inci 4 ke nan ba tare da wani ciwo ba.

Na birki kuwa ko agogo ba ya buƙata, kuma ina roƙon duk mai tsohuwar mota ya gwada shi gobe da safe kafin ya ɗauki yara zuwa makaranta. Inji a kashe, a taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri. A bar ƙafa a kai, a tayar da mota. Idan birkin ya ɗan nutse a ƙarƙashin ƙafa, tiyo da bawul da tulu suna aiki. Idan ya tsaya ƙiƙam, a bar motar a gida a kira bakanike ya zo ya same ta.

Mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu, za mu leƙa lagireto, da masu cire masa tamostat da sunan wai ƙasarmu zafi gare ta.